Asibiti na neman izinin aika ƙarin da aka cire wa Inna ƙasar waje don bincike, wa zai amfana?

Abu_Sumayya
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman haske daga masu sani. Mako uku ke nan da aka yi wa mahaifiyarmu aikin sankarar mama, alhamdu lillahi jiki yana kyau. Jiya mun koma ganin likita sai aka ba mu takarda mai shafi biyar. Wai asibitin yana cikin wani bincike na haɗin gwiwa da jami'o'in wasu ƙasashe, suna neman izini su aika yanki daga ƙarin da aka cire, da ɗan jininta, a duba ƙwayoyin gadonta a waje. Sun ce ba dole ba ne, ko ta ƙi jinyarta ba za ta sauya ba. Sun kuma faɗa mana ƙarara cewa ita kanta ba lallai ta ga amfanin abin ba. To a nan na tsaya. In ba ita za ta amfana ba, wa zai amfana? Wannan haɗin gwiwar ƙasashe da ake ta faɗa, da gaske haɗin gwiwa ne, ko mu ne masu ba da tsoka da jini, su ne masu suna da magani? Inna ta ce duk abin da na yanke shi ke nan, ni kuma ba na so in yanke hukunci cikin duhu.

Hajiya_Talatu
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ce. Bari masu ilimin su zo, muna saurare.

MaiShakka
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan'uwa kar ka sa hannu. Su kwashi jinin, su haɗa magani, su dawo su sayar maka da tsadar da ko gida ka sayar ba za ka kai ba. Je ka nemi labarin Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar Amurka. A 1951 aka yanki tsoka daga sankarar bakin mahaifarta ba da saninta ba. A shekarar ta rasu tana da shekara 31, amma ƙwayoyin jikinta suna nan da rai har gobe a ɗakunan gwaje-gwajen duniya, ana saye ana sayarwa. Iyalinta sai bayan shekara ashirin da wani abu suka ji labari. Abin bai tsaya nan ba, a 2013 wani ɗakin bincike a Jamus ya zuba bayanan gadon ƙwayoyin a intanet ba tare da an tuntuɓi jikokinta ba. Ga haɗin gwiwar taku nan.

Likita_Zee
MaiShakka bai ƙara gishiri ba, haka aka yi wa Henrietta. Sai dai ita ba wanda ya miƙa mata takarda. Wannan mai shafi biyar da ke hannunka, Malam, irin waccan ta'asar ce ta haife ta.

Bari in faɗi dalilin da ya sa ake neman samfur daga ƙasashe da yawa. Abin da muke kira sankarar mama a baki ɗaya, a ƙarƙashin madubi cututtuka ne iri-iri. Akwai mai girma da sinadarin homon na mace, ita ana iya toshe mata hanyar abinci da ƙwaya. Akwai mai wata alama da ake kira HER2, ita ma da nata maganin. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin uku da muke dubawa, wato biyu na homon da HER2 ɗin, ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ta fi yawa a matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, ko a nan suke ko a Amurka aka haifi kakanninsu. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta shafe shekaru a kan wannan tare da abokan aikinta na Ibadan. Ba yadda za a yi a gane dalili in ba a jera ƙarin da aka cire wa matan nan da na can an kwatanta ba.

Ga kuma matsalar da ke ci mana tuwo a ƙwarya kullum. Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Saboda haka in aka yi wa mace baƙa gwajin gado aka ga wani sauyi, sau da yawa sakamakon yakan dawo da cewa ba a tantance ko mai illa ba ne ko a'a, don ba a taɓa ganinsa a mutane masu yawa ba. Kin biya kuɗin gwaji, an ba ki amsar da ba amsa ba.

Dattijo_58
Ku ba ni dama in yi ɗan dogon zance, tsufa ne. Akwai wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, mai ido ɗaya, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala. A 1957 aka kawo masa yaro muƙamuƙinsa a kumbure ta ko'ina, ba da jimawa ba ya sake ganin wani. Ya buga 'yan takardu masu hoto ya aika asibitoci a faɗin Afirka yana tambaya, kuna ganin irin wannan? A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil 10,000 suna bin asibitoci ƙasa bayan ƙasa. Da suka zana taswira sai ga shi ciwon ba ruwansa da iyakar da Turawa suka shata. Yana bin wurare masu zafi da ruwan sama, in an hau tsauni inda sanyi yake sai ya ɓace. Daga baya aka gane taswirar zazzaɓin cizon sauro ce suka zana ba su sani ba.

A shekarar dai ya je Landan ya yi lacca, wani mai binciken bairas, Anthony Epstein, yana zaune a ciki. Suka yi yarjejeniya a riƙa aiko masa da samfur daga Kampala ta jirgi. Kusan shekara uku ba abin da ya samu. A Disambar 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, samfurin ya iso a makare ruwansa ya yi duhu kamar ya lalace. Maimakon ya zubar sai ya leƙa a madubi, ashe ƙwayoyin ƙarin ne suka warwatse suna yawo da ransu saboda girgizar doguwar tafiya. Daga su aka shuka, a 1964 aka ga bairas ɗin farko da aka alaƙanta da sankara a jikin ɗan'adam. Kampala da ƙarin, Landan da na'ura. Kowanne shi kaɗai da bai kai ko'ina ba.

MaiShakka
Baba, labarin ya yi daɗi, amma yaya sunan bairas ɗin? Epstein da Barr, abokiyar aikinsa. Yaya sunan ciwon? Burkitt. Ina sunan ma'aikatan jinyar da suka riƙe yaran, ina na iyayen? Kuma akwai ƙwayoyin da aka ɗauka daga wani yaro mai wannan ciwo a Ibadan a 1963, har yau kamfanoni na sayar da su ga masu bincike. Kai da kanka ka ƙarfafa maganata.

Dattijo_58
Ɗana, ban musa ba. Ko Bert Achong, ɗan Tirinidad da ya yi aikin na'urar tare da su, sunansa bai shiga sunan bairas ɗin ba. Amma kar ka share Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan. Yana cikin waɗanda suka nuna ana iya narkar da wannan ƙari da allura kaɗai, kuma a 1972 aka ba shi kyautar Lasker ta Amurka a rukuni ɗaya da Burkitt. Abin da aka koya a jikin yaran Afirka ya shiga yadda ake yi wa yara kemo, wato jinyar sankara da magunguna masu ƙarfi, a duk duniya. Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce, me ya sa yau yaron Turai mai wannan ciwon kusan kullum yake warkewa, a inda aka gano ciwon kuma ba haka ba?

Mai_Madubi
Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, bari in faɗi abin da idona ya gani. Na yi shekara huɗu a wani bincike irin wannan. Mu ke karɓar tsoka daga ɗakin tiyata, mu yanka, mu lakaba lamba, mu sa a firiza. In wuta ta ɗauke da tsakar dare ni ake kira in zo in tabbatar janareta ya tashi, don in samfur ya narke aikin wata shida ya tafi. Da maƙala ta fito, sunaye sun fi ashirin, namu mutum ɗaya ne, shi ma a tsakiya inda ba mai dubawa. Ni ko a layin godiya ban fito ba. Da na nemi ganin bayanan samfuran da na tara da hannuna aka ce sai na rubuta takardar neman izini zuwa can.

Amma gaskiya ɗaya ce. Bincike na biyu da na shiga ya bambanta. Tun kafin a fara, shugabarmu ta kafe a kan abu uku: rabin kowane samfur ya zauna a wurinmu, a horar da mutum biyu daga cikinmu, na'urar da aka kawo kuma ba za ta koma ba. Yanzu da ita muke duba alamomin nan da Likita Zee ta ambata, a da sai dai a yi wa mace magani da ka. Abin ya dogara ga wanda ya zauna teburin yarjejeniya, da ko ya iya cewa a'a.

Abu_Sumayya
Mai_Madubi, Allah ya saka da alheri. Wannan zancen na rabin samfur ban ma san ana tambayarsa ba. Likita Zee, ƙwayar da aka rubuta wa Inna sunanta tamoxifen, an ce za ta daɗe tana sha.

ƊanLissafi
To ai ga amsar tambayarka a cikin jakar Inna. Tamoxifen tsohon magani ne, amma a farko gwaje-gwajensa ƙanana ne, wannan ya ce yana rage mutuwa, wancan ya ce bai ga komai ba. A tsakiyar shekarun 1980 masu lissafi a Oxford suka roƙi duk wanda ya taɓa gwada shi a ko'ina ya aiko da bayanan marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa wuri guda. Sai gaskiya ta fito: ga matan da sankararsu ke bin homon, shan sa shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan nan aka yi wani gwaji mai suna ATLAS a ƙasashe 36, mata kusan 13,000, ya nuna shekara 10 ta fi 5. Waɗannan matan ma an gaya musu ba lallai su amfana ba. Inna ce ke amfana yau.

Lissafi ne kawai. In bambancin da kake nema ƙarami ne, ko ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ƙasa ɗaya ba ta da isassun marasa lafiya ko da Amurka ce. Shi ya sa aikin da aka wallafa a 2020, inda aka karanta ƙwayoyin gadon ƙari 2,658 daga farko har ƙarshe, sai da masu bincike sama da 1,300 daga ƙasashe 37 suka sa hannu.

Garba_Raha
Masu bincike 1,300 a takarda ɗaya amma ba a samu gurbin Mai_Madubi ba. Allah ya isar maka malam.

Mai_Madubi
Garba ka bari kawai. Ba wannan ba ce tawa, amma dariyar ta zo daidai.

Nas_Rabi
Ni misalin da ya fi gamsar da ni shi ne riga-kafin sankarar bakin mahaifa, don ina yin allurar da hannuna. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano nau'in bairas ɗin HPV na 16 da na 18, masu jawo wannan sankarar, a 1983 da 1984, mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Wata likita 'yar Kolombiya, Nubia Muñoz, da abokan aikinta suka tattaro samfur kusan 1,000 daga ƙasashe 22, aka ga bairas ɗin a kusan dukansu. Allurar ta fito a 2006, sau uku ake yi, ƙasashe matalauta ba su iya ɗauka ba, ga wahalar nemo yarinya ta dawo karo na biyu da na uku.

Ku ji inda sauƙin ya fito. A wani gwaji a Kosta Rika wasu mata ba su cika allurarsu ba, da aka bi su sai aka ga masu ɗaya ma sun samu kariya. A Indiya gwamnati ta dakatar da allurar a tsakiyar bincike a 2010, 'yan mata dubbai suka tsaya a ɗaya, aka ci gaba da bin su shekara da shekaru, abu ɗaya aka gani. Sai aka yi gwaji na musamman a Kenya, allura ɗaya ta ba da kariyar kashi 97.5 daga nau'o'in nan biyu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya. Yanzu har Ingila da Ostireliya sun koma ɗaya. Nan kam ilimin daga Kenya ya tafi Landan. Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 350,000 a 2022 kaɗai.

Uban_Gayya
Ni fa allurar nan ban yarda da ita ba, an ce tana hana haihuwa.

Nas_Rabi
Wa ya ce? An yi wa 'yan mata miliyoyi tun 2006, na farkon yanzu iyaye ne da 'ya'yansu. Abin da ke hana haihuwa shi ne a cire wa mace mahaifa saboda sankara, wannan kuwa na gani ba sau ɗaya ba.

Admin_Sadiya
Jama'a a dawo kan tambayar Abu Sumayya. Uban Gayya, in kana so ka buɗe zancen riga-kafi daban, za a amsa maka a can.

Maman_Khalil
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ɗana ya rasu da sankarar jini yana da shekara shida. Likitocin sun san ciwon, sun san maganin, har takardar tsarin jinyar da ake bi a Turai suna da ita. Abin da babu shi ne maganin a lokacin da ake buƙata. Yau akwai, mako mai zuwa ya yanke, in ya dawo jini ne babu. Daga baya na karanta cewa a ƙasashe masu arziki sama da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Ba ilimi ya raba mu ba. Don haka in ana zancen haɗin gwiwar bincike ni zuciyata ba ta motsi sosai. An riga an bincika, an gano. A kawo.

Hajiya_Talatu
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, Maman Khalil, ya ba ki haƙuri.

Likita_Zee
Allah ya jiƙan Khalil, 'yar'uwa. Ba ni da abin musawa a maganarki. A 2022 da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirinta na samar da na'urorin gashi, masu ƙona ƙarin sankara, ƙasashen Afirka sama da 20 ba su da ko guda ɗaya. Abu ɗaya zan ƙara. Kwafo tsarin jinyar Turai kai tsaye yana iya kashe yaro, domin kemo mai ƙarfi yana bukatar jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ɗakin kulawa ta musamman a kusa. Gano adadin da yaro mai tamowa zai iya ɗauka a asibitin da ba shi da waɗannan, shi ma bincike ne, kuma ba a Turai za a yi shi ba. Ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Faransa da ƙasashen Afirka da aka kafa a 2000 irin aikin da take yi ke nan. Batun yankewar magani kuma, asibitin St. Jude na Amurka ya ware dala miliyan 200 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya don wannan, an fara kai magunguna a 2025, Mongoliya da Uzbekistan ne na farko. Ya zo a makare ga yara da yawa.

ƊalibinKimiyya
Ina so in taɓa maganar MaiShakka ta cewa kullum su ne masu magani. Akwai wata sankarar jini da a da take kashe mutum cikin makonni da zubar jini. A shekarun 1970 Zhang Tingdong a birnin Harbin na Sin ya gwada gubar arsenik a kanta, daga wani haɗin gargajiya. A shekarun 1980 Wang Zhenyi a Shanghai ya gwada wani sinadari dangin bitamin A, maimakon ya kashe ƙwayoyin sankarar sai ya sa su balaga su zama na kirki. Turawa ba su gaskata ba sai da likitan Faris, Laurent Degos, ya karɓi maganin daga Sin ya ba marasa lafiyarsa. Masu bincike a Faransa da wasu wurare suka gano karyewar ƙwayar gadon da ke jawo ciwon. A 2013 gwajin haɗin gwiwar Italiya da Jamus ya nuna in an haɗa magungunan biyu, ba kemo, sama da kashi 90 suna warkewa. Sin ta lokacin ba mai arziki ba ce. Abin da take da shi likitocin da suka rubuta abin da suka gani da kyau, har wani ya iya maimaitawa.

MaiShakka
Sin ta riƙe kayanta ne shi ya sa. Yau je ka ce za ka fitar da jinin 'yan Sin waje ba izinin gwamnati ka gani.

Barista_Nana
Wannan gaskiya ne, Sin na da doka mai tsauri a kan fitar da samfur da bayanan gadon mutanenta. Amma tsaurin ma yana da nasa ciwon. Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018, masu binciken sankara a Turai suka shiga wahalar aika bayanai zuwa hukumomin gwamnatin Amurka, ayyukan da aka yi shekaru ana yi tare suka tsaya cik. Ba mugunta ba ce, dokokin ɓangarorin biyu ne suka ƙi haɗuwa. Dabarar da ake bi yanzu ita ce bayanai su zauna a ƙasarsu, a aiko da manhajar lissafi ta yi aiki a kansu a nan, sakamako kawai ya fita. Wannan zai magance rabin kukan Mai_Madubi, in akwai kwamfuta da wuta da wanda ya iya.

Sai siyasa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sa ta yi kusan shekara uku a wajen babban asusun binciken Turai, sai Janairun 2024 ta koma. A Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, a Mayu kuma hukumar binciken lafiyarsu ta sauya ƙa'idar yadda jami'o'insu ke miƙa wani ɓangare na tallafi ga abokan aiki na waje. Binciken sankara na bukatar a bi mutum shekara goma, ashirin. Gwamnati kuwa shekara huɗu ce.

Dattijo_58
Barista kin tuna mini. Cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa, wadda aka kafa a 1965, asalin shawarar da aka kai wa shugaban Faransa na lokacin, Janar de Gaulle, ita ce manyan ƙasashe su ba da rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin sojansu. Ba su bayar ba, amma cibiyar ta tsaya. Ita ce ta shiga aikin Gambiya a 1986 tare da gwamnatin ƙasar da Birtaniya da Italiya, yara sama da 120,000, don a ga ko riga-kafin ciwon hanta a jarirai zai hana sankarar hanta in sun girma. Waɗanda suka fara aikin sun san sai bayan shekara talatin ko fiye za a ga amsa. Wani lokaci kuma sankarar ce ke gyara siyasa. Shekara ɗaya bayan sulhun Ailan ta Arewa na 1998, ɓangarorin tsibirin biyu da cibiyar sankara ta Amurka suka ƙulla yarjejeniya a Belfast. Yau mutanen Donegal da ke Jamhuriyar Ailan suna tsallaka iyaka su je gashi a Derry ta Ailan ta Arewa.

ƊanLissafi
Ƙarin bayani a kan cibiyar Liyon. Alƙaluman da kuke ji, mutum miliyan 20 sun kamu, miliyan 9.7 sun mutu a 2022, daga can suke. Amma ƙasar da ba ta da rajistar masu sankara, da alƙaluman maƙwabtanta ake ƙiyasta nata. Wato akwai ƙasashen da ministan lafiyarsu ke tsara kasafi da ciwon maƙwabci.

Kuma kwatanta ƙasashe yana tono abin da ba wanda ya nema. Duk abin da ke jawo sankara yana barin sawunsa a ƙwayoyin gado, taba da nata, zafin rana da nasa. A 2024 aka duba sankarar ƙoda 962 daga ƙasashe 11. A Romaniya da Sabiya da Tailan aka ga sawun gubar wani tsiro. A Japan aka ga wani sawu a sama da kashi 70 na samfuran, wanda da wuya a gan shi a sauran ƙasashen. Da Japanawa su kaɗai suka duba nasu, da sun ɗauka haka sankarar ƙoda take a ko'ina.

Abu_Sumayya
Na gode ƙwarai jama'a, Maman Khalil Allah ya jiƙan yaro. Yau na koma da tambayoyi a rubuce. Mai kula da binciken ta zauna da ni kusan awa ɗaya. Ta ce wani yanki zai zauna a asibitin, sunan Inna ba zai fita ba sai lamba, kuma muna iya janyewa ko yaushe, sai dai abin da aka riga aka wallafa ba ya gogewa. Ashe a shafi na huɗu akwai gurbi daban na ko mun yarda a ba kamfanoni, ban lura da shi ba sai da ta nuna mini. Da na karanta wa Inna ta ce a kai wa jami'o'in, kamfanoni kuma a bar gurbin ba komai. Abin da ya dame ni guda ɗaya: na tambaya in sun ga ciwon na gado ne za su gaya mana, saboda ƙannena mata uku, ta ce a wannan binciken ba a dawo da sakamakon mutum ɗaya.

MaiShakka
Ka ji ko. Su sani, kai ba ka sani ba. Amma dai gara da kuka bar gurbin kamfanonin.

Likita_Zee
Akwai dalili, ko da bai gamsar ba. Gwajin bincike ba a yin sa da tsaurin gwajin asibiti, ana iya samun kuskuren lamba, kuma ba a gaya wa mace tana ɗauke da gadon sankara sai da mai zaunar da ita ya yi mata bayani. Wasu binciken suna dawo da irin wannan sakamakon bayan an sake tabbatarwa, kuna da damar rubuta wa kwamitin ɗa'ar binciken ku nemi a duba. Batun ƙannenka kuma kar ku jira su. Ka gaya wa likitan Inna shekarunta lokacin da ciwon ya fara, da ko akwai wata a dangi da ta yi na mama ko na ƙwan mace, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Daga nan zai san ko a tura ku gwaji daban.

Mai_Madubi
Ka tambaye ta kuma firizar da za a ajiye yankin da ya rage, me take yi in wuta ta ɗauke.

Barista_Nana
Kafin ka miƙa takardar ka ɗauki hoton dukan shafukan biyar, har da na huɗun da kuka bari ba komai. Ka kuma karɓi kwafi mai sa hannunsu da kwanan wata.